Lambun Maigida Ya Shigo Mini Kicin

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cin raina ko aminiyata ba zan iya gaya wa ba, dariya za ta yi mini. Kishi nake fama da shi. Kada ki ɗauka wata mace ce a tsakani, wallahi babu. Mijina nake kishi da shi, shi kansa, kuma a kan tukunya.

Ni ungozoma ce a asibiti har na yi ritaya. Shi ma'aikacin auna filaye ne, bara ya ajiye aiki. Fiye da shekara talatin ina dawowa gida ƙafafuna a kumbure, ko takalmi ban gama cirewa ba nake ɗora tukunya. A lokacin mutumin nan ko ruwan shayi sai an dafa masa. In abinci ya yi daɗi ya ci ya tashi, in gishiri ya ɗan zarce ya dube ni ta saman tabarau.

Da zaman gida ya ishe shi sai ya faɗa wa filin bayan gidanmu, inda nake shanya. Ya kafa turaku, ya ja zare, ya auna kamar wanda zai gina bene. Igiyar shanyata ta koma lungu jikin katanga. Ya shuka tumatir, barkono, albasa, latas, kokwamba da kabewa, kuma Allah ya sa masa albarka a hannu. Daga nan ya fara leƙo kicin yana tambaya, ni kuma ina koya masa da zuciya ɗaya.

Wata Asabar cikin bazarar nan babbar 'yarmu ta ce za su zo yini da mijinta da yara. Ba zan ɓoye ba, safiyar ranar ta yi mini daɗi. Kafin rana ta yi zafi muna cikin lambu, yana tsinka ina riƙe da kwando, hannuna duk ƙamshin ganyen tumatir. Ya karya kokwamba ya miƙo mini rabi, muka ci a tsaye muna dariyar wata kabewa da ta haura katangar maƙwabta. Sai ya ce yau in huta, shi zai yi girki. Na ce to, a raina ina cewa yanzu zai neme ni. Sau ɗaya ya kira ni, Anti, shi ma don ya tambayi inda murfin babbar tukunya yake. Ina zaune a falo ina jin ƙarar ludayina a tukunyata, kamar baƙuwa a gidan mutane.

Ya dafa shinkafa da miyar kaza, ya gasa kabewa, ya yanka latas da kokwamba. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa gefen lambu. 'Yar nan tawa, wadda na goya, na yi wa abincin makaranta tun tana firamare, ta kai loma ɗaya ta ce, "Baba, ashe duk shekarun nan Mama ɓoye mana kuku ta yi a gida." Kowa ya kwashe da dariya. Surukina, wanda kullum in na zuba masa sai ya dafe ciki ya ce ya ƙoshi, ranar da kansa ya miƙa faranti a ƙara masa. Aka ɗauki hoton abincin aka tura wa ƙannenta, waya sai ƙara take yi, kowa na yi wa Baba kirari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne miyar nan tawa ce. Yadda ake barin albasa ta yi ja kafin a zuba tumatir, da ɗan lemon tsamin da ake matsawa bayan an sauke, mahaifiyata ce ta koya mini, ni na koya masa. Na zuba masa ido ko zai faɗa. Sai ya yi murmushi ya ce ai tumatirin ne mai kyau.

Na ce cikina ba daɗi, na shige ɗaki. Da la'asar bayan sun tafi na shiga kicin, na tarar da tukwane jibge, ɓawon albasa har ƙarƙashin firij, shi kuwa yana can yana ban-ruwa yana 'yar waƙarsa. Ni na wanke. Na kankari gindin tukunyar na ɗanɗana, ina fatan in samu aibu. Babu. Nan na tsaya da kumfa a hannu ina hawaye kamar ƙaramar yarinya.

Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi a zatonsa hawan jinina ne ya motsa, kullum sai ya kawo mini ganye a faranti. Jiya 'yar ta bugo ta ce ƙarshen wata duk za su haɗu, in ce wa Baba ya yi musu irin ta rannan. Na kalli tumatirin nan ta taga na ji kamar in je in tuge su, sai da na yi istigfari. Shin in fito in hana shi shiga kicin ɗina, ko in haɗiye in yi shiru? Ina jin kunyar kaina da shekaruna.

Tsohuwar Ungozoma

Yaya Ungozoma, sannu da ƙoƙari, kuma ki daina jin kunya. Kin ciyar da gida shekara da shekaru ba wanda ya ɗauki hoto, wani ya yi girkin yini guda an yi masa kirari. Duk wadda aka yi wa haka za ta ji zafi. Wanda ya dafa ya bar wa wani wanke-wanke kuma rabin aiki ya yi, nan maigida bai kyauta ba, haka ma shirun da ya yi a kan inda miyar ta samo asali.

Amma ki duba nasa ɓangaren. Mutum ne da aka saba nema a wurin aiki, rana ɗaya aka daina. Wasiƙun da nake samu daga matan masu ritaya yawancinsu kuka ne da miji ya zauna sai faɗa da neman laifi. Naki ya samu abin yi, kuma a cikin gidanki ya same shi, kusa da ke. Ban ga alamar yana neman ture ki ba. Ina ganin yabon ne ya yi masa daɗi har ya manta da malamarsa. Kuma har yanzu bai san laifinsa ba, tunda ganye yake kawo miki.

Kada ki hana shi kicin, kada kuma ki haɗiye. Ki same shi da safe a lambu, ku biyu, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, har da kukan. Kada ki yi habaici, ba zai gane ba. Sannan ku raba kwanakin girki, da sharaɗin wanda ya dafa shi zai wanke ya share.

'Yarki kuma wasa ta yi, amma uwa ce ita ma, za ta fahimta. Ki kira ta ki ce maganar ta taɓa ki. Ki bar ta ta ji nauyi kaɗan, ba zai cutar da ita ba.

Taron ƙarshen wata ku shiga kicin tare. Ya yi miyarsa, ke ki yi wani abin da ba ki taɓa koya masa ba, na tabbata kina da su da yawa. In aka yabi miyar, ki ce cikin raha ɗalibinki ne, ya fara ƙoƙari. A ranakun girkinsa kuwa ki miƙe ƙafa a inuwa a zubo miki, ki ci ki nemi ƙari. Ke ma ritaya kika yi, kuma ban ga inda kika ce kin huta ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya sa ku daɗe kuna cin amfanin lambun nan tare.