Gadon Bayan Landiroba

Vénissieux, 6 ga Maris 1994

Zuwa ga ɗiyata Rékia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya sanyin Paris. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a lakwal, malam ya ce ni da alli mu rabu lafiya.

Labari shi ne ubanki ya yi amarya. Kada ki firgita, ta ƙarfe ce. Doguwar Landiroba ce ƴar 1972, wadda wani Bature ya mayar ɗaki: rufinta na ɗagawa kamar murfin tukunya, ga murhun gas, ga kabad, ga wurin gado. Shekara tara ta yi a gonarsa kaji na ƙwai a ciki. Yanzu tana wani gareji a Saint-Fons, bayan izin ɗin nan, masana'antar da na yi wa walda shekara ashirin da biyu. Tsatsa ta cinye shasin baya, na yanke na sa sabon ƙarfe. Mun dace da juna, kowa na tari da safe, sai dai ita in ta yi zafi takan daina.

Niyyata in tafi Tahoua da ita ta hamada. Abokina Mounkaila na Clichy-sous-Bois ya cika mini kunne a tarho cewa Toyotarsa ta fi. Ran Lahadi ki ɗauki mita ki je ki auno mini gadonta. Gadon kawai.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki, Chaibou

Paris, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na je wurin Tonton Mounkaila. Toyotar ƴar 1981 ce, gazuwal take sha, murɗawa ɗaya ta tashi. Tana da tankin ruwa na lita tamanin, kuma ya ce kayan gyaranta ko a ƙauye ana samu. Ya ce in kana so, ya yarda ku yi musanya. Ya ce in faɗa maka mai tsohuwar mota irin taka ƙarƙashinta yake kwana, me zai yi da gado.

Gadon a gicciye yake, mita ɗaya da hamsin da biyar.

Baba, ka san Aljeriya ana kashe mutane a hanya, arewacin Nijar ma ba lafiya. Kuma tarin nan tun bara ne. Me lokotoro ya ce?

Ɗiyarka, Rékia

Vénissieux, 2 ga Afrilu

Rékia ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaya wa Mounkaila Toyotarsa ta ci ni a inji, ta ci ni a ruwa, ta ci ni a birki. Amma ni mita ɗaya da tamanin da uku ne, abu ɗaya ke nan da Allah ya ba ni a yalwace. A gadonsa sai an naɗe ni kamar tabarma. Tawa gadonta a miƙe yake, daga bayan kujerar direba har ƙofar baya.

Na cire kabad ɗin Baturen na mayar da shi ɗaya gefen. Kwana huɗu ya ɗauke ni, don yanzu in na ɗaure ƙusa uku sai na zauna na yi hira da taya. Ga zanen cikin motar na sa miki a ambulan. Ki sa a yanko mini katifar soso daidai da shi.

Lokotoro ya ce in rage gishiri.

Ubanki mai zane, Chaibou

Paris, 9 ga Afrilu

Baba,

Na gaishe ka. Na ga zanen. Ka juya takardar kafin ka sa a ambulan? Takardar asibiti ce, sakamakon hoton huhunka na watan Janairu. A farmasi nake aiki, Baba, na san ma'anar kowace kalma da ke ciki. Babu gishiri a ciki.

Na koma kan zanen. Ka rubuta "kudu" a gaban motar, ka sa matashin kai a can, ka ja kibiya daga gefen gadon ka rubuta "gabas". Kai a kudu, kwanciya kan hannun dama, fuska gabas. Ban manta yadda kuka yi ta gardama da mai tonon kabarin Inna a kan wannan ba.

Na kira gida sau shida ba ka ɗauka ba. Ka ba ni amsa.

Rékia

Vénissieux, 14 ga Afrilu

Ɗiyata,

Gaisuwa. Kin ga sharrin rowar takarda. Wata uku ina ɓoye abu, na kuma manna masa tambur da kaina na aika miki.

Gaskiya ne. Sun ce iyakata damina, wataƙila kaka. Da muka binne Husainatu, uwarki, dokar ƙasar nan ta hana mu sa ta a ƙasa sai cikin akwati, kuma ramin ma na haya ne, shekara talatin. In kuwa gida za a kai mutum, sai a sa shi a akwatin tutiya a liƙe bakin da dalma, a jera shi da jakunkuna a cikin jirgi. Ni mai walda ne, Rékia. Na san yadda ake rufe abin da ba a son a sake buɗewa. Ba na so a yi mini.

Jirgi kuwa ban so in sauka a keken marasa lafiya, ƴan'uwana su ga abin da shekara talatin ta bari. Na so in shiga Tahoua cikin abin da na gyara da hannuna. Lissafina shi ne Mounkaila ya tuƙa, ni ina kwance a baya. In na isa, alhamdu lillahi. In ban isa ba, a same ni a daidaice, kuma yashi ba ya tambayar akwati. Ban gaya masa ba tukuna, tsoron bakinsa nake.

Ki yafe mini. Na gyara birki jiya, tana tsayawa in an roƙe ta.

Ubanki, Chaibou

Paris, 25 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Ba za ka bi hamada ba. Jirgin ruwa na tashi daga Marseille 20 ga Mayu, motar za ta sauka Cotonou bayan sati uku. Mu za mu bi ta ta sama, lokotoronka ya yarda in ba mu wuce Yuni ba. Daga can Parakou, Gaya, Dosso, Ƙonni, Tahoua. Na karɓi hutun wata biyu. Ni zan tuƙa. Tonton na koya mini da Toyotarsa, ya yi kuka da na gaya masa, sannan ya zage ka.

Katifa na saya. Amma ban san hanya ba, sai ka zauna gaba kana nuna mini.

Ɗiyarka, Rékia

Vénissieux, 30 ga Afrilu

Rékia,

Gaisuwa. Na ɗauko taswira na duba. Daga Cotonou arewa za mu nufa, kan gadon ya koma arewa ke nan, in na kwanta kan dama yamma zan kalla. Kin ɓata mini aikin kwana huɗu, kuma ba ni da numfashin sake ciro kabad.

Dole in isa a zaune. Na fara ɗinke kujerar gaba.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki, Chaibou