Ƙorafi Kan Wayoyin Kauce wa Reshe da Aka Hana Mota ta Huɗu

Zuwa ga: Babban Manajan Sufuri,
Sashen Motocin Daji, Kamfanin Haƙar Rijiyoyi.

Daga: Direban Mota ta Huɗu.

Kwanan wata: 16 ga Oktoba.

Game da: Wayoyin da na kawo shawararsu aka hana ni, aka ɗaura wa motar wani da sunansa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa. Reshe ya fasa gilashin gaban mota ta huɗu ranar 9 ga Agusta, kuma da an saurare ni tun watan Maris da bai fasa ba. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Amma shekara goma sha tara ina kai masu awon ƙasa cikin daji, ban taɓa kayar da mota ba. Ga ƙorafina, ina neman a mayar mini da sunana.

1. Ranar 3 ga Maris na sami Shugaban Gareji da shawara. Na ce a ɗaura waya biyu ta ƙarfe, kowace daga kusurwar bambar gaba zuwa kariyar ɗora kaya ta saman mota, a sa mata sifirin a ƙasa, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya koma. In mota ta kutsa cikin sarƙaƙiya, reshe zai hau wayar ya zame ta sama, bai daki gilashi ba. Har zana masa na yi a ƙasa da tsinke. A gaban makanikai shida ya yi dariya, ya ce kamfani ba ya ɗaura igiyar shanya, in wandona nake son busarwa in je gida. Na haɗiye, domin shi babba ne.

2. Ranar 20 ga Yuni na shigo da safe na tarar da mota ta biyu ɗauke da wayoyin nan, har da sifirin ɗin, daidai inda na zana. Direbanta, wanda ake kira Ɗan Gayu, watansa takwas da kama aiki. Ba zan ce komai ba game da cewa ƙanen matar Shugaban Gareji ne, tunda ba a tambaye ni ba. Na dai san ni na koya masa sa giyar taimako, da ya kafe a yashi yana neman yin kuka.

3. A taron ƙarshen wata, da bakinka mai daraja ka yaba masa, ka ce mutum ne mai basira. Aka tafa. Ina layi na uku. Aka manna hotonsa a allon sanarwa, ya jingina da wayar yana murmushi kamar shi ya haife ta. Daga nan duk tafiyar manyan baƙi motarsa ake ba, ni kuwa aka bar ni da jigilar bututu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani. Amma ko uwar 'ya'yana sai da ta tambaye ni ko ba wayar da na dame ta da zancenta wata uku ba ce.

4. Ranar 2 ga Yuli na sake nema a rubuce a ɗaura wa tawa. Aka ce sai an gama gwaji a mota ta biyu. Gwajin me, ranka ya daɗe? Motarsa ta shiga daji sau goma sha ɗaya, ko waifar goge gilashi ba ta karye ba.

5. Na ji yanzu ofis na shawara ko wayoyin sun cancanci a sa wa sauran motoci, kuma Ɗan Gayu aka ce ya ba da rahoto. To, ga abin da bai sani ba. A kwalta ba su da amfanin komai, sai ma hatsari, domin za su iya yanka mai babur ko mai tafiya a ƙasa. Dole a kwance su kafin a shiga gari, shi kuwa da su yake yawo kasuwa don a gan shi. Kuma ba sa tare gungume. Amma reshe mai kaurin dantse zuwa ƙasa, irin wanda damina ke sunkuyar da shi kan hanya, wannan aikinsu ne. Motar daji ta cancanci a sa mata.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi: a kira makanikan nan shida a tambaye su wa ya yi zane a ƙasa ranar 3 ga Maris. A rubuta sunana a fayil. A sauke hoton nan, ko a sa nawa kusa da shi. Sannan a ɗaura wa mota ta ɗaya da ta uku da ta huɗu kafin wata daminar, a bar ni in tsaya kan aikin.

Ban nemi a mayar da ni kan sitiyari ba, na san ba zai yiwu ba. Reshen 9 ga Agusta bai kai kaurin dantsena ba, irin wanda wayar ke ɗagawa ne ba tare da direba ya ma ji ba. Ya ratsa gilashin ya tafi da idona na hagu. Likita ya rubuta cewa na gama tuƙi, kamfani ya yi mini alheri ya ba ni gadin ƙofar gareji. Kullum da ƙarfe bakwai ni nake buɗe wa mota ta biyu ƙofa, ta wuce da wayoyina suna ƙyalli, Ɗan Gayu ya danna mini hon. Da idon da ya rage nake kallonsu.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Na-Daji,
Direban Mota ta Huɗu a da, mai gadin ƙofa a yau.