Kan Raba Ni da 'Yan Ajina Saboda Kayen Darasi

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Waliyyullahi Junaid, Shugaban Ƙungiyar Makarantun Al-Fauzu Masu Zaman Kansu, Kabalaye, N'Djamena.

Daga: Malama Dije Oumarou, mai riƙe da ajin CM2 (ajin ƙarshe na firamare), reshen Gassi.

Rana: Talata, 4 ga Maris, 2025.

Game da: Umarnin cire ni daga ajina bayan na yi aiki da horon da Ƙungiya ta ba ni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ana shan ruwa lafiya. Na rubuta wannan koke da Faransanci ranar 25 ga Fabrairu, har yau shiru, shi ya sa na maido shi cikin harshen da muke gaisawa.

1. Daga 5 zuwa 23 ga Agusta, 2024, Ƙungiya ta tara mu a Kabalaye domin horo. Kullum sai na shiga mota biyu daga Gassi, ban yi fashi ba. An koya mana mu ɗauki darasi a bidiyo, yaro ya kalla a tablet, ya yi aikin takarda, ya tafi gwargwadon ƙarfinsa, kuma kada ya wuce babi sai ya iya shi. Abin bai zame mini baƙo ba, domin ko a makarantar allo ba a wanke wa yaro sai karatun ya zauna. Na karɓe shi hannu bibbiyu.

2. Yarana sittin da uku ne, tablet huɗu aka ba ni. Ban yi ƙorafi ba. Na raba su rukuni-rukuni, kafin watan Janairu wasu suna babi na goma sha shida a lissafi, wasu na bakwai, amma kowa inda yake, ya iya abin da ke bayansa.

3. Ranar 11 ga Fabrairu mai duba makarantun Ƙungiya, Malam Ladan, ya zo. Bai kai minti ashirin ba. Ya nemi kayen darasi, wato littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar kowace rana. Ranka ya daɗe, layi ɗaya aka ware wa kowace rana a kayen nan, ni kuwa darasi tara ke gudana a ajina lokaci guda. Sai nake rubuta babin da yaran da suka fi zama baya suke, don kada in yi ƙarya a kan wanda bai kai ba. Ya ga babi na bakwai, jadawalin shekara yana cewa goma sha huɗu, ya rubuta cewa na jawo wa aji koma-baya. Na miƙa masa takardar ci-gaban kowane yaro, ya ce ba ita aka aiko shi dubawa ba. Ko yaro ɗaya bai tambaya ba.

4. Na je wurin mai horar da mu, ta tausaya mini, ta ce nata horo ne, duba aji ba huruminta ba. Malam Ladan ya ce shi ba a kira shi horon ba, bai san da shi ba. Daraktan reshenmu ya ce rahoto ya riga ya hau sama. Duk ma'aikatanku ne, kowa kuma da gaskiyarsa. To ni ina zan sa kaina?

5. Ranar 24 ga Fabrairu aka ba ni takarda cewa daga Litinin 10 ga Maris wani malami zai karɓi ajin, ya ɗora daga babi na goma sha huɗu. Ba kujerata nake wa kuka ba. Akwai yara goma sha ɗaya a babi na bakwai da na takwas. Cikinsu akwai Bahijja, wadda ta maimaita aji sau biyu, ba ta ɗaga kai in ana lissafi. Makon jiya ta raba adadi mai lambobi uku da mai lambobi biyu a kan allo, ita kaɗai. Wallahi sai da na juya baya na share ido. In aka tsallake mata babi shida, ta koma 'yar kallo. Kuma a horon an umarce mu mu faɗa wa yara tun ranar farko cewa ba za a wuce a bar kowa ba. Na faɗa, sun yarda da ni.

Don haka ina roƙon Mai girma Shugaba, cikin ƙanƙan da kai, ya dakatar da umarnin, ya turo wanda zai zauna a ajin yini guda ya tambayi yaran da kansa, a kuma gyara kayen ya dace da abin da aka koya mana.

In kuwa hakan ba zai yiwu ba, ba ni da ƙarfin ja da Ƙungiya, zan miƙa alli. Alfarma ɗaya nake nema: yaran ba su sani ba tukuna. A turo wani daga ofishinku ranar Litinin ya tsaya gabansu ya gaya musu an fasa jiransu. Ni kam bakina ba zai iya ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Dije Oumarou