Yatsu Biyar Gaban Suruki

Gaya, ran Talata

Zuwa ga Nuriya, sanyin idona,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya nauyi? Ina fatan kumburin ƙafa ya ragu, Inna da mutanen Yelu kuma duk suna lafiya. Gidan nan babu ke ya koma tasha: in shigo, in kwanta, in fita.

Yau muka soma babban taron da kamfanin sufurinmu ke yi duk wata uku. Kowace ekip, wato ƙungiyar aiki, daga direbobin kamiyo masu jigilar kaya har mu masu ordinatar, wato kwamfuta, ta rubuta manufofinta a allo, manya kuma suka zagayo suna ba kowace manufa maki daga ɗaya zuwa goma. Mai maki babba ita ake fara yi. Mu manufofi biyu muka ɗora: gyara tsarin bin sawun motoci nan Gaya, da kafa irinsa a Agadas. Ta Agadas ta ci goma. Ke nan ni shugaban ekip sai in tare can har ƙarshen zangon nan na wata uku, ga shi lokotoron asibiti ya ce haihuwarki wata mai zuwa ce.

Gobe za a ɗaga yatsu. Biyar na nufin ka gamsu da shirin. Wanda ya ɗaga ƙasa da uku dole ya miƙe ya faɗi dalili, a sake tsari. Abin da ya ɗaure ni shi ne mahaifinki, Baba Alfari, yana cikin manyan. Ni da ke tuɓe takalmi in na hango shi, da wane baki zan ce ɗan fari ne ya riƙe ni? Tsoro nake ji, Nuriya, kada ki haihu ina bayan hamada.

Ki riƙa cin abinci, ba ƙuli-ƙuli kawai ba.

Mijinki,
Yakuba

Gaya, ran Alhamis

Nuriya tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta wanda ke shurinki, ga labari.

An ɗaga yatsu, kuma mijinki jarumi biyar ya ɗaga, kansa a sunkuye. Bibata, abokiyar aikina da ta san halin da nake ciki, ta harare ni kamar ta cinye ni. Zauren duka biyar-biyar, har mai jagorancin taro ya soma godiya. Ashe can gaba, hannu ɗaya na sama da yatsu biyu. Na Baba ne.

Doka ba ta bar babba ba, sai ya miƙe. Ko inda nake bai duba ba. Ya ce: "Goman Agadas tana nan. Amma ban taɓa loda wa mota kaya ba alhali injinta na wani gari."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Aka sake tsari, Agadas ta koma zango na gaba, gyaran Gaya ya hau gaba. Ni dai hawaye nake ɓoyewa da hula. Kada ki ce mini ba ke kika tsegunta wa Inna ba, ita kuma ta kai wa Baba, na san bakinki.

Da aka tashi na raɓe bakin ƙofa na durƙusa. Ya wuce ni, sai ya dubi direbansa, ya ce da ƙarfi yadda zan ji: hanyar Yelu ta lalace bana, duk mai moto ya canja taya tun da wuri.

Na canja tayoyin babur ɗina duka biyun jiya da yamma.

Ki gai da Inna, ki jira ni.

Naki har kullum,
Yakuba