Jar Kazar da Ke Ɗakin Ɗinki

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, amma na gane inda ya dosa, kuma ban tsorata ba.

Na ɗaya. Gida da abin da ke ciki ku raba yadda ya dace. Keken ɗinki ne kaɗai na ba Auta tun da raina, don ita ce ba ta karya mini allura.

Na biyu. Jar kazar nan da kuke kira Shugaba. Ku yi dariyarku, amma ku karanta. Bayan rasuwar babanku ko tsakar gida na daina fita. Ita ce take zuwa bakin ƙofata kowace safiya tana caccakar labule, ba ta tafiya sai na tashi na watsa mata hatsi. A haka na koma cin abinci, na koma kan keke.

Yanzu ita ma ta kwanta. Ido ya kumbura, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar. Tana cikin kwali a ɗakin ɗinki, kan tsohon zanena. Kada a mayar da ita akurki, za ta shafa wa sauran. Maganin da likitan dabbobi ya bayar yana kan taga. A dama shi da ruwa mai ɗumi, a ɗiga mata ta gefen baki a hankali, don kada ta shaƙe. A goge idon da auduga, a jiƙa mata dusa, ko ba ta ci ba a ajiye kusa da ita. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu.

Na uku. Babba, ka ce a yanka ta kowa ya huta. Ban ji haushi ba, na san ganina ina jan jiki zuwa kwalin ne ya dame ka. Ke kuma Nas kika kira yayanki marar imani, tun ranar ba ku gaisa ba. Ina kwance ina jin takunku, ɗaya na shigowa ɗaya na fita. Wannan ya fi ciwon cin raina. Ba da maganin nan aikin mutum biyu ne, safe da yamma. Babba ya riƙe ta, ke Nas ki ɗiga. Auta, kada ki karɓar wa kowa.

Na huɗu. Idan likitan dabbobin ya ce babu fata, kada ku ja mata wahala saboda ni. Babba ya sauƙaƙa mata, a binne ta bayan akurki, kada a ci. Kuma kada wani ya ce laifin wani ne.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jinyarku da haƙuri kamar yadda kuka yi mini. Ku riƙe juna. Duk wanda ya yi fushi a cikinku, sauran su bi shi har gida, kada su jira ya huce.