Baba Ya Gyara Maka Tebur

Maigida,

Na wuce aiki. Ka sha ruwa ka zauna kafin ka leƙa falo.

Teburin nan da ka yi sati uku kana dukansa da sarƙa, kana huda shi da ƙusa don ya yi kama da na kakanni, Baba ya zo da safe ya gan shi. Ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Uwata, haka kuke zaune ba ki faɗa min ba? Gara ta cinye muku tebur mijinki yana kallo?"

Na ce, "Baba, ado ne, da gangan ya yi."

Ya ce, "Rufa masa asiri, 'yar albarka."

Nan take ya naɗe hannun riga, ya cike ramukan kaf, ya goge shi sumul, ya shafe shi da ragowar koren fentin ƙofar gida. Har fito yake yi. Tun rasuwar Mama ban ga haƙoransa haka ba, shi ya sa na ja bakina. Gaskiya ni ce ma na miƙa masa buroshi.

Zai dawo ƙarfe biyar ya ga ko ya bushe. Ka yi masa godiya, kuma da sakin fuska. Ka kuskura ka ce masa ado ne, to ka nemi gidan da za ka riƙa cin abinci.

Kujerunka huɗu na kulle su a ɗakin ajiya, makullin yana cikin takalminka. Ya riga ya tambaye su. Ya ce fentin ya rage.

Matarka