Ranar da Aka Ɗauke Wuta a Chanchaga

Laraba, 6 ga Maris, 2013

Na fasa sayen shafin intanet ɗin nan na tallan gidajen haya. Saura kaɗan in sayar da babur ɗina saboda shi, don Ndagi mai shafin ya rantse mutane tururuwa suke yi. Yau na wuni a kafe ina sa ido, ko mutum ɗaya bai yi sharhi ba. Na kira shi, ya ce, "Yaya, yi haƙuri, NEPA sun ɗauke mana wuta nan unguwarmu Chanchaga tun safe." Da magariba ya kira, wai an kawo wuta. Nan take sharhi ya fara zubowa, daga Legas har Landan. Ashe duk a layin wutar Chanchaga suke! Alhamdulillahi, gobe da babur ɗina zan tafi aiki.